GININ KANTUNA DA SHA'ANIN WUTAR LANTARKI A ƘASAR ZURU

An shirya wannan bayani ne domin Hakiman ƙasar Zuru da malamansu, saboda a shekarun nan ƙararrakin da ake kawowa ƙofar Hakimi sun sake kama. A dā rigimar gona ce, da ta aure, da ɓarnar shanu. Yanzu kuwa an sami ƙarin rigimar fegi a bakin hanya, da ta kuɗin hayar shago, da ta kuɗin da unguwa ta tara don sayen taransifoma. Hakimi ba injiniya ba ne, ba kuwa wanda ya ce ya zama, amma shi ake fara kai wa kuka, kuma sa hannunsa ake nema a takardar ciniki. Don haka ya kamata shi da malaminsa su san yadda kasuwar kayan gini da ta kayan wuta suke tafiya, da abin da doka ta ce a kansu.

YADDA GINI YA SAKE

A zamanin En'e, sa'ad da ƙasar Zuru take cikin Lardin Neja, kasuwa rumfuna ce na itace da ciyawa, masu ciniki su zo ran kasuwa su baza kaya, da yamma kowa ya naɗe tabarmarsa. Gini da ƙasa ake yi, a yi jinka, ko a zuba azara a yi soro. Kanti mai rufin kwano sai na kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt, su ma sun fi yawa a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, kamar Gusau da Funtuwa da Kano. Siminti daga Ingila ake kawo shi, sai Gwamnati da manyan attajirai. Ba a fara yin siminti a Nijeriya ba sai 1957, a Nkalagu ta Jihar Gabas. Na Arewa kuwa, watau na Kalambaina kusa da Sakkwato, an kafa kamfaninsa a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, yau yana hannun kamfanin BUA.

Zuru ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan ta koma Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Ita ce hedkwatar masarauta mai ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, saboda haka duk mai neman babban asibiti ko banki ko kayan sari can yake nufa. Akwai barikin soja, kuma kowa ya san yawan mutanen ƙasar nan da suka yi aikin soja. Da yawa daga cikinsu in sun bar aiki suka karɓi garatuti, ba su ga inda za su ajiye shi da ya fi jerin shaguna ba. A 2020 aka mai da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar Gwamnatin Tarayya, ɗalibai da malamai kuwa suna bukatar ɗakin kwana da wurin cin abinci da wurin buga takardu. Akwai kuma dalili na baƙin ciki. Tun wajen 2020 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba, mutane da yawa suka baro gonakinsu suka taru a manyan garuruwa. Wanda ya rasa gona dole ya nemi sana'a, sana'a kuwa tana neman rumfa. Ashe ke nan ba duk cikar gari ce alamar arziki ba, Hakimi ya tuna da wannan in ana maganar ƙara wa masu rumfuna haraji.

Ginin da aka fi yi yanzu shi ne jerin shaguna na bulo a bakin kwalta, kamar hanyar da ta nufi Dabai da Mahuta, da wadda ta nufi Rijau da Kwantagora. Mai hali ya zuba dakin a kai, ya bar rodi a tsaye yana jiran ranar da zai ɗora bene. Wani rodin yakan shekara biyar yana shan ruwa da rana kafin ranar nan ta zo.

TSADAR KAYA DA ABIN DA TA HAIFAR

Zuru ba ta da jirgin ƙasa, ba ta da masana'antar siminti ko ta ƙarfe. Ban da yashi da tsakuwa da ruwa, kusan kome da mota ake kawo shi, saboda haka duk ran da mai ya tashi, kayan gini sun tashi. Ran 29 ga Mayu 1923 ba ta da labari a nan, amma ran 29 ga Mayu 2023 kowane magini yana tune da ita, domin ran nan Gwamnati ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, har ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 ɗin kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a lissafin Gwamnati ta kai naira 1,500 cikin Fabrairu 2024. Buhun siminti mai kilo 50, wanda ake saye wajen naira 5,000 a 2023, ya wuce naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024, har Gwamnati ta kira masu kamfanonin suka yi zama.

In kaya sun yi tsada, mai gini ba ya fasa gini, rage kaya yake yi, nan kuwa hatsarin yake. Maginan kirki suna lissafin buhu ɗaya ya fitar da bulo mai inci 9 kamar 25 zuwa 30. Mai son riba yakan matsa ya fitar da 45 ko fiye, ya kuma hana bulon ruwan da ya kamata ya sha na kwanaki kafin a ɗauka. Gwajinsa ba wuya: a ɗaga bulo zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri, in ya watse kamar dambu, to, yashi aka saya. Haka rodi, akwai wanda ake kira mai milimita 12 alhali in an auna bai kai ba. Shago mai hawa ɗaya yakan jure irin wannan ha'inci shekaru. Bene ba ya jurewa. Abin tsoro shi ne ginin da aka haƙa wa harsashi don hawa ɗaya, daga baya kasuwa ta yi kyau, mai shi ya ɗora na biyu ba tare da ya nemi injiniya ba.

Tsadar nan ta kawo wata al'ada da take cika ƙofar Hakimai da ƙara. Mai fili ba shi da kuɗin gini, ɗan kasuwa yana da kuɗi ba shi da fili, sai su shirya ɗan kasuwa ya gina, a riƙa cire abin da ya kashe daga kuɗin haya har ya ƙare. Shiri ne mai kyau, amma galibi da baki ake yinsa. Bayan shekara uku haya ta ninka, mai fili ya ce a yi lissafi da sabon farashi, mai gini ya ce da tsohon. Ko mai fili ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. In irin wannan ciniki ya zo gaban Hakimi, malami ya rubuta jimlar kuɗin da aka kashe, da hayar shekara, da yawan shekarun, da wanda ginin zai zama nasa bayan sun cika, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe. Sai dai a faɗa wa masu ciniki gaskiya: bisa Dokar Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna, shi yake ba da takardar mallaka a birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta karkara. Takardar Hakimi shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta tsaya a madadin waɗannan ba, ba ta kuma zama izinin gini.

INDA WUTA TAKE FITOWA

An fara kunna wutar lantarki a Nijeriya a Ikko cikin 1896. A Arewa kamfanin NESCO ya fara samar da ita da ƙarfin ruwa a Kurra ta ƙasar Jos wajen 1929, domin masu haƙar kuza. Hukumar E.C.N. ta kama aiki a 1951, aka kafa Hukumar Madatsun Kwara a 1962, aka haɗa su biyu a 1972 suka zama NEPA, sunan da har yau yara suke kira in wuta ta dawo, ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa.

An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwanta ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri, aka tashi mutane fiye da 40,000. An sa mata injuna 8 masu ƙarfin megawat 760. Bayanta aka yi ta Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700 da aka gama a 2023. Duk huɗun suna ƙasar Neja ko bakin iyakarta, watau maƙwabtan Zuru ne.

Talakawa sukan tambayi Hakimi, yaya ga madatsu a kusa amma gari yana kwana cikin duhu? Amsa ita ce, wuta ba kamar ruwan lambu take ba, da na kusa da rijiya yake fara sha. Abin da Kainji ta samar ana ɗaga ƙarfinsa zuwa bolt 330,000, a zuba shi cikin manyan layukan ƙasa duka, a raba daga ofishin rabon wuta da ke Oshogbo. Kafin ya shiga shago sai an sauko da shi mataki mataki, zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, sa'an nan taransifomar unguwa ta mai da shi 230. Kowane mataki tasha ce mai cin kuɗi masu yawa. Layin Kainji zuwa Birnin Kebbi yana ratsa ƙauyuka da yawa da ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ba, har ma reshensa ya wuce zuwa Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Bugu da ƙari, abin da ƙasa duka take rabawa galibi bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Garin da yake ƙarshen dogon layi, in iska ta kayar da falwaya ɗaya a daji ya shiga duhu, balle in dajin ma'aikata suna tsoron shigarsa.

Dokar 2005 ta rushe NEPA, ta kafa hukumar NERC mai sa ido da yanke farashi. Ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin raba wuta guda 10 daga cikin 11. Jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin da ke Kaduna, manyan layuka kuwa suka zauna hannun Gwamnati. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki wadda ta ba kowace jiha ikon shirya tata kasuwar wuta in ta ga dama.

LISSAFIN MAI SHAGO

An kasa masu shan wuta aji biyar bisa awoyin da aka yi alkawarin ba su a rana: ajin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na ajin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. Ba sai an yi dogon tunani ba a gane cewa ɗan kasuwa ya fi son kai hajarsa inda ake biya da tsada, kuma ake biya a kan kari.

Ga misali da malami zai iya gwadawa da alƙalami. Shago yana da ƙwai 3 na zamani masu wat 10, da fanka mai wat 70, da firiza mai wat 200, jimla wat 300. In sun yi awa 10, sun ci yunit 3. A wata yunit 90. Ko da farashin nan mai tsada na naira 225, kuɗin wata naira 20,250 ne. To, a ce wuta ba ta zo ba, mai shago ya tada ƙaramin janareto mai shan kamar rabin lita a awa. Awa 10 lita 5 ke nan. In lita tana naira 900, ya ƙone naira 4,500 a rana, watau naira 135,000 a wata, ban da baƙin mai da gyara da hayaƙi. Wannan lissafi shi ya sa shago mai wuta ya fi maƙwabcinsa tsadar haya, shi ya sa kuma masu walda da masu injin niƙa da masu ƙanƙara suke cunkushewa a kan layi ɗaya, har taransifomar da aka sa don gidaje ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta ƙone.

KASUWAR KAYAN WUTA

Masu kantunan kayan wuta na ƙasar nan suna saro kaya daga Sabon Garin Kano, da Anacha, da kasuwar Alaba ta Ikko. Waya ita ce uwar kaya, kuma jan ƙarfen da ke cikinta da dala ake cinikinsa a Landan. A watan Mayu 2024 tan ɗaya ya wuce dala 11,000. Da tsada ta yi yawa sai jabu ya cika kasuwa: waya ta alminiyam ko ta baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, da wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba. In an kankare bakin waya da wuƙa aka ga fari a ciki, ba ta kirki ba ce. Abin mamaki, a wannan fanni kayan gida sun fi na waje aminci, masu aikin wuta da kansu sun fi yarda da wayar da ake yi a Kaduna da Ikko da Nnewi. Ƙa'ida ita ce waya mai 1.5 don fitilu, mai 2.5 don soket, mai 4 ko 6 don na'urar sanyaya ɗaki da manyan kaya. Siririyar waya in an ɗora mata babban kaya zafi take yi, robar ta narke cikin silin inda ba mai gani, da tsakar dare in an dawo da wuta sai gobara.

A watan Maris 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, shaguna dubbai suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Waɗannan birane ne masu motocin kwana-kwana a kusa, duk da haka wuta ta fi ƙarfinsu, domin an toshe hanyoyin cikin kasuwa da rumfunan katako da tebura. Sarkin Kasuwa da ya sayar da hanya don a kafa rumfa ya sayar da kasuwar duka bai sani ba.

Babban canjin da aka gani a kasuwar kayan wuta shi ne na sola. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin hasken rana a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda yawan da ƙasar Sin take ƙerawa. Da fetur ya yi tsada, sai kantin da dā janareto ne a gabansa ya koma jera faranti da batir da inbata. A ƙasar nan faranti mai wat 500 yakan ba da kamar yunit 2 a rana, ke nan guda biyu sun ishi shagon da aka yi misali da shi. Faranti yakan wuce shekara 20. Batir shi ne mai cin kuɗi: na ruwa zafi yana kashe shi cikin shekara biyu ko uku, na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a wanke shi, iskar farkon damina kuma tana ɗauke wanda aka ɗaura a kan ruɓaɓɓen katako. Bayan gobarar Kano, a 2018, wani shiri na Hukumar Kai Wuta Karkara ya sa an shimfiɗa faranti a kan rufin kasuwar Sabon Gari, ana sayar wa masu shaguna wuta da mita. Doka ta yarda kamfani ya kafa irin wannan ƙaramar tasha a gari ko kasuwa, bisa yarjejeniya da jama'ar wurin. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin wannan aiki a Nijeriya. Saboda haka kada Hakimin da yake da babbar kasuwar hatsi, irin ta Bena ko ta Ribah, ya yi mamaki in baƙi sun zo neman fili da sa hannu. Kafin ya sa, ya tambayi kuɗin yunit, da shekarun yarjejeniya, da wanda zai sake batir in ya mutu, da abin da zai faru in wutar Gwamnati ta iso.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HAKIMI

Na farko shi ne gini a ƙarƙashin waya. Ƙa'idar 2015 ta hana gini cikin mita 5 da rabi, watau wajen ƙafa 18, ta kowane gefen layi mai bolt 11,000 ko 33,000. Mita 15 ga mai 132,000. Mita 25 ga mai 330,000. Layukan nan bakin hanya suke bi, bakin hanya kuwa shi kowa yake so, shi ya sa ake ganin shagon kwano da kwantena daidai ƙarƙashinsu. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, in rodi ko tsani ya matso kusa wuta takan yi tsalle. Leburori masu ɗaga rodi a kan dakin su suka fi mutuwa ta wannan hanya. Kuma ran da hukuma ta zo rusau ba diyya, mai shago kuwa zai fito da takarda mai hatimin Hakimi. Malami ya je da kansa ya auna kafin a buga hatimi.

Na biyu, taransifoma. A ƙa'idar NERC, sayen taransifoma da falwaya da gyaransu aikin kamfani ne, ba na masu shan wuta ba. Amma kowa ya san unguwa takan gaji da jira ta yi karo-karo. In haka ta kama, doka ta buɗe hanya: a yi yarjejeniya a rubuce da kamfani tun kafin a saya, yadda za a mayar wa jama'a kuɗinsu, ko a cire musu daga kuɗin wuta. In ba a yi ba, kaya sun shiga layin kamfani, jama'a sun yi kyauta. Malami ya buɗe littafi, sunan kowa da abin da ya bayar, da rasiɗin abin da aka saya, kuɗi kuma kada su kwana hannun mutum ɗaya. Wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi don ba shi da mita, ya sani tun 2020 an sa iyakar da ba a wucewa. Mai ƙara ya fara rubuta wa ofishin kamfani, in kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙara na NERC da ke Birnin Kebbi. Wasiƙa mai kwanan wata da lambar mita ta fi taron samari a ƙofar ofis aiki.

Sai masu aikin wuta. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita take ba su takardar shaida, ita kuma take duba babban gini kafin a haɗa masa wuta. Zuru tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya, saboda haka ba a rasa yaran da suka koyi aikin a makaranta ba; mai gini ne yake gudunsu don ya sami mai araha. In za a yi jerin shaguna a kasuwar gunduma, Hakimi yana da bakin da zai ce kowane shago ya sami fis nasa da makashin wuta a bakin ƙofa, a binne sandar ƙarfe ta tsaro a ƙasa, a bar hanya mai faɗin da mota za ta shiga, mai gadi kuma ya san inda babban makashi yake, ya kashe shi in an tashi kasuwa.

A littafin gunduma, malami ya ware shafi ga kowace taransifoma: inda take, ƙarfinta kamar yadda aka rubuta a jikinta, shekarar da aka kafa ta, wanda ya saya, da yawan injunan niƙa da na walda da suke kanta. Ya riƙa sabunta shafin sau ɗaya a shekara, bayan kaka, lokacin da aka fi kafa sababbin injuna.